Lemar Malam Guduma

Duk wanda ya yi karatun zayyanar kayan masana'anta a wannan kwalejin ya san Malam Guduma, kuma kusan kowa yana da abin da malamin ya karya masa. Ba shi ne sunansa na gaskiya ba, ɗalibai ne suka laƙaba masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, domin a ganinsa yabo ne. Aikinsa koya wa matasa yadda ake tsara abu tun kafin a ƙera shi: kujera, buta, fitila, murfin kwalba, duk wani tarkacen da hannu ke taɓawa daga safe zuwa yamma. Hanyar koyarwarsa kuwa guda ce. Ka kwashe zango kana zane, kana yanka, kana goga samfefa har yatsunka su yi fari, ranar gwaji ka ajiye abinka a gabansa, shi kuma ya yi amfani da shi kamar mutumin da bai damu da wahalarka ba. In kujera ce ya faɗa mata da dukan nauyinsa, ya jingina a kan ƙafafun baya. In buta ce ya cika ta ya tsiyaya da hannu ɗaya yana kallon wani wajen. Abin da ya karye ya karye.

Ba ya wahalar da kansa wajen riƙe sunan ɗalibi. Abin da ya fara karya maka a ajin farko shi ne sunanka har ka fita. Akwai Fitila, akwai Akwati, akwai wani bawan Allah da ya gama karatunsa kaf ana kiransa Murfin Masai. Shugaban sashen na yanzu, mutum mai furfura da tabarau da mota, Kujera ne sunansa a bakin Malam, sai in da baƙi a wurin ya daure ya ce masa ranka ya daɗe.

Wannan hali da shi aka haife shi. Yaran unguwa suna buga ƙwallo, shi yana tsaye a bakin ƙofa yana hararar mariƙin da ya yaga masa hannun riga, yana tambayar babansa wa ya yi wannan abu, kuma me aka yi masa da ya huce a kansu. Baban, direban babbar mota ne mai haƙuri, ya ce yaron nan ko dai ya zama alƙali ko ya zama wanda za a riƙa gudu. Malam yakan ce rabi na biyun ne ya tabbata.

Da ya samu gurbin karatun zayyana, ya ɗauka motoci zai riƙa tsarawa. Ya zo hutu da takardu cike da zanen motoci masu dogon hanci, innarsa ta juya su sama ta juya su ƙasa.

"To kai yanzu kafinta za ka zama?"

"A'a, Inna."

"Maƙeri?"

"Ba maƙeri ba. Ni ne zan yi tunanin yadda abu ya kamata ya kasance, tsawonsa, nauyinsa, inda hannu zai kama, sai in ba masu ƙerawa su ƙera."

Ta jima tana kallonsa. "Wato kai ne za ka tsaya a inuwa wasu suna aiki."

Har ta koma ga Allah, in maƙwabta suka tambaye ta sana'ar ɗanta sai ta ce yana aikin kamfani, ta canza magana.

Motar dai ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne kamfanin kayan roba a bayan gari, da tebur kusa da inji mai ƙara, da oga mai son a rage roba a kowane abu. Ya yi bahon wanka, ya yi kwandon shara, ya yi matsefi. A duk shekarun nan abu ɗaya ya yi da yake alfahari da shi a ɓoye, mariƙin bokiti. Ya lura mutane suna naɗa tsumma a siririn mariƙin bokiti na waya don kada ya yanke musu yatsu, sai ya yi wata 'yar roba mai faɗi, mai gurbin yatsu, wadda ke juyawa a jikin wayar. Ya yi ta ɗaukar bokiti cike da ruwa yana zaga harabar kamfanin sanye da kayan ofis, har wani sabon maigadi ya ce masa in ya gama ya wanke masa babur. Mariƙin ya karɓu, wasu suka kwaikwaya, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar bokiti ya sa wa mai shi albarka. Hannu ne kawai ya daina ciwo, mai hannun ma bai lura ba. Malam ya san wannan ita ce ainihin nasara a sana'arsu, yakan faɗa da murya mai nauyi, amma a ransa ya so a ce ko sau ɗaya wani ya tsayar da shi a hanya ya gode masa.

Son a san shi ne ya kai shi ga sandar. Ya ƙudura zai yi wa tsofaffi sandar dogarawa wadda ba a taɓa yin irinta ba. Ya tattaro littattafan awon jikin ɗan Adam, ya fitar da tsayin matsakaicin tsoho da faɗin tafin hannunsa, ya zauna ya tsara. Sanda ta fito da ƙafa huɗu don kada ta zame, da maɓallin ƙara tsawo, da mariƙi mai laushi, da ɗan jan madubi don masu mota su hango ka. Launinta toka-toka, irin na gadon asibiti. Masana suka yaba, aka ba shi takardar yabo a wani taro, aka ɗauke shi hoto yana riƙe da ita yana murmushi, lafiyayyen mutum mai ƙafafu biyu garau.

Tsofaffi kuwa suka ƙi ta ƙememe. Ya kai wa kawunsa ɗaya, kawu ya yi godiya har da addu'a, da Malam ya sake komawa ya tarar an tokare taga da ita. Surukarsa ta mayar da tata wurin rataye mayafi. Wani tsohon maƙwabci da ko haƙori babu a bakinsa ya ce, "Ɗana, kyau kam ta yi kyau. In na tsufa zan nema." Kamfani ya dakatar da ƙera ta. Malam ya fusata ya rubuta doguwar maƙala a mujallar masana, ya bayyana cewa matsalar ba ta sanda ba ce, ta tsofaffi ce, masu girman kan da ba su san abin da zai amfane su ba. Sanda guda ɗaya ta rage masa, ya jefa ta bayan kabad ɗin ɗakin kwana.

Bayan wannan ne ya koma koyarwa, ya kuma shigo da dokoki biyu. Ta farko, in za ka yi wa mutum abu, kada ka tambaye shi me yake so. "Abin da zai sa ku ga girmansa zai faɗa muku," in ji shi. "Ku rufe bakinku ku zuba masa ido. Ku ga inda yake ɗaure fuska, inda yake canza hannu." Ta biyu, ba a yi wa jama'a abu, ba a yi wa matsakaicin mutum. Ranar gwaji dole ɗalibi ya ambaci takamaiman mutumin da ya yi wa aikin, wane ne shi, ina za a je a same shi. Wanda ya kasa ba shi da maki, sai ya maimaita shekara, ko da da zinare ya ƙera abin. Bai taɓa gaya wa kowa alaƙar wannan doka da abin da ke bayan kabad ba, shi kansa bai cika son leƙa wajen ba.

Ɗakin aikin da yake koyarwa a ciki yana saman bene. Tsohon gini ne, matakalarsa doguwa ce a miƙe, kuma babu wata hanyar hawa sai ita. A can sama injinan yanka da na huji suke, an ɗaure su da ƙasa tun kafin a haifi yawancin malaman, ga manyan tagogi, ga warin gam da garin katako. Malam ya fi son ɗakin nan da falon gidansa, bai kuma ɓoye wa matarsa ba. Daidai ƙarƙashinsa kuwa akwai wani aji mai bencina a jere, inda ake koyar da tarihin zayyana, ana nuna wa ɗalibai hotunan kujerun da wasu suka yi, suna hamma. Nan ake kai malamin da ya gaji. Malam yana kiran wajen ɗakin jiran mutuwa, ko a gaban masu koyarwa a cikinsa.

Sai gwiwa ta zo. Ta dama ce, ta fara da ɗan ƙara in zai miƙe, daga baya ya zama in ya taka matakala sai ya ji kamar an soka masa ƙusa. Likita ya duba hoto ya ce guringuntsin ya cinye, ya rubuta magani, ya ce lallai ya riƙa dogara sanda, musamman wajen sauka. Malam ya ce to. A hanyar gida ya tsaya a shago ya sayi lema, baƙa, doguwa, mai lanƙwasasshen mariƙi.

Washegari matarsa ta gan shi zai fita da ita, ta leƙa taga ta dubi sama, tas, ko ɗigon gajimare babu.

"Malam, ruwa za a yi?"

"Rana."

"Shekara nawa kana yawo a rana ba lema?"

"Yanzu na waye."

Ta shiga ɗaki, ya ji ana jan kabad. Ta fito da sandar tana kakkaɓe mata ƙura, ta dasa ta a gabansa a kan ƙafafunta huɗu. "Ga taka, wadda aka ba ka takarda a kanta. Na ji an ce ba ta zamewa."

Ya dube ta, toka-toka, jan madubin yana ƙyalli. A karo na farko ya gan ta yadda kawunsa ya gan ta, abu mai sanar da duk unguwa tun daga nesa cewa mai shi ya ƙare. Kunya ta kama shi, ta kawu da ta surukarsa da ta maƙalar nan, amma kunyar ba ta kai ta sa ya ɗauka ba.

"Mariƙin bai dace da hannuna ba," ya ce.

"Ba kai ka auna shi ba?"

"Na makara," ya ce, ya fice da lemarsa.

Lema kuwa ba don ɗaukar nauyin ƙato aka yi ta ba, kuma ba wanda ya fi shi sanin haka. Tsininta yana zamewa a kan siminti, ƙarfen cikinta siriri ne, ga gajarta har sai ya karkata. Ta farko ta karye, ta biyu ta bi ta, har mai shagon ya fara tambayarsa ko haya yake bayarwa. Ya ƙirƙiro dabaru. Yana zuwa tun kafin ɗalibai don ya hau ba mai kallo, yana jira kowa ya watse sannan ya sauko gefe-gefe, hannu ɗaya a bango. In aka rutsa shi a tsakiyar matakala sai ya tsaya ya kara waya a kunne, ya hau faɗa da wanda babu shi. Ya tabbata a ransa ba wanda ya gane, domin shi ke koya musu lura, ya san ba su iya ba.

Kujera ne ya fara yi masa magana. Ya kira shi ofis, ya yi ta kewaye-kewaye kan lafiyar iyali kafin ya zo kan batu.

"Malam, na ga kamar ƙafar nan tana ɗan damun ka."

"Wace ƙafa?"

"Matakalar nan ba ta da kirki. In wani abu ya same ka a kanta ba zan yafe wa kaina ba. Akwai ajin tarihi a ƙasa..."

"Kujera, ni za ka kai ɗakin jiran mutuwa?"

Shugaban ya cire tabarau ya goge. "Ba zan yi maka dole a kan zato ba, Malam, kai ka koyar da ni. Amma ranar da na tabbatar ƙafar ta gaza, ranar zan sauko da kai. Gara ka yi fushi da ni da in ɗauke ka a ƙasan bene."

"Ƙafata lafiyarta lau," in ji Malam. Ya miƙe cak ba tare da ya dafa komai ba, ya fita yana taku kamar soja, sai da ya sha kwana ya jingina da bango yana kiran sunan Allah a hankali.

A wannan zangon 'yan ajin ƙarshe suke aikinsu na fita. Ya ba su umarnin da ya saba: kowa ya nemi mutum ɗaya, ya lura da shi ba tare da ya sani ba, ya gano abin da ke wahalar da shi wanda ba zai taɓa faɗa ba, ya yi masa maganinsa. Suka watse cikin gari. Wani ya maƙale wa mai gyaran takalmi, wata ta tare a kicin ɗin yayarta. Cokali kuwa ba ta je ko'ina ba. Ɗaliba ce marar magana, wadda cokalinta na ajin farko ya lanƙwashe a hannun Malam tun kafin ya kai baki, washegari ta kawo wani. Kullum tana ɗakin aiki, ta zo da wuri, ta daɗe ba ta tafi ba, abin da ya riƙa ɓata masa tsarin hawa da sauka. Guntu-guntu kawai take kawowa ta yanka ta mayar jaka. Ya tambaye ta ina mutuminta, ta ce tana lura da shi. Ya ce a nan, cikin garin katako? Ta ce tana ƙoƙari. Ya yi tsaki, ya yanke a ransa cewa wannan sai ta maimaita.

Ranar gwaji ɗakin ya cika. An jera aiki a kan tebura, shugaban sashe yana zaune a gefe da takardar maki a matsayin alƙali na biyu. Malam ya fara cikin nishaɗi. Ya fasa akwatin kayan gyaran takalmi, ya tsinke hannun wata jaka, ya yaba wa wani abin yanka albasa da ya ƙi lalacewa duk da ƙoƙarinsa. Sai aka zo kan Cokali. Ta zare wani dogon ƙyalle, ta ajiye abin a kan tebur ta koma gefe.

Lema ce. Baƙa, doguwa, mai lanƙwasasshen mariƙi, irin wadda za ka gani a kowane shago ba ka sake kallo ba.

Malam ya ɗauka, nan take hannunsa ya gaya masa komai. Ƙarfen cikin bututu ne mai kauri marar nauyi, an ɓoye shi a naɗin ƙyallen. Mariƙin daga nesa siriri ne, amma inda tafin hannu ke sauka an faɗaɗa shi. Tsinin an yi masa fenti kamar ƙarfe, alhali roba ce mai kama ƙasa. Ya buɗe ta, ta buɗu tsaf, lema ce ta gaske. Ya rufe, ya dasa ta a hagunsa inda ya saba riƙe tasa, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa, ba ƙari ba ragi. Ba a samun wannan tsawon a littafin awo, sai wanda ya tsaya kusa da mutum ɗaya ya auna shi da ido, ya sake aunawa.

Abin da ya fara zuwa masa ba godiya ba ce, fushi ne, sai kuma wata muguwar dabara. Karyewar abu ba ta kayar da ɗalibi a ajinsa, maki kawai take ragewa. In lemar ta karye, a cikin hayaniyar tsintar guntaye sai ya ja su zuwa tebur na gaba ba tare da an kai ga tambaya ba.

Don haka ya gwada ta da muguntar da bai taɓa yi wa aikin ɗalibi ba. Ya maka ta da ƙasa. Ya dasa tsinin a inda mai ya zuba ya tura. Ya kama mariƙin da hannu biyu ya ɗora mata dukan nauyinsa. Ko gezau. Ya taka da ita zuwa bakin taga ya dawo, wai yana neman aibu, a nan ne jikinsa ya ci amanarsa, domin gwiwar ta yi shiru. Rabon da ya ratsa ɗakin nan ba tare da ya cije haƙori ba har ya manta. Ya ji hawaye na neman zuwa masa, ya kore su da tari.

"Madaurin bai yi ba," ya ce da kakkausar murya. "Maɓallin ya yi ƙanƙanta, ba ya ɓalluwa da hannu ɗaya. Mu je gaba."

"Malam," in ji shugaban sashe, "ba a yi tambayar ba." Ko da gangan ya yi ko a'a, Allah masani. Doka dai doka ce, shi ma da ita aka yaye shi. Ya juya ga Cokali. "Wa kika yi wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, wani dattijo ne."

"Wane dattijo? A ina yake?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Kin san dokar Malam. In babu mutum babu maki, shekara za ki maimaita."

"Na sani." Ba ta ɗago kai ba. "Duk amfanin abin shi ne kada a san yana buƙatarsa. In na ambace shi na lalata aikin da bakina. Gara in maimaita."

Malam ya dubi ɗaliban, ya ga kowa ya sami abin kallo, wannan rufi, wancan takalminsa, ba mai duban inda yake. A nan ya gane ba Cokali kaɗai ba ce. Ajin gaba ɗaya sun sani, sun daɗe suna rufa masa asiri, shi kuwa yana yi musu kallon makafi. Hanyar tsira tana nan a buɗe, abin da zai yi kawai shi ne ya kama bakinsa. Yarinyar ba za ta faɗa ba, ya san taurin kanta. Za ta rasa shekara, shi ya ci gaba da ɗakinsa da injinansa da tagoginsa. Ya auna abin a ransa, kuma a faɗi gaskiya, ya daɗe yana aunawa fiye da yadda ya kamaci mutumin kirki.

"Kujera," ya ce, a gaban ɗalibai da kowa, "rubuta. Mutumin yana nan, ba sai an yi tafiya ba. Tsohon malamin zayyana ne, ya san komai game da sanda ban da riƙe ta. Gwiwarsa ta dama ta gama aiki tuntuni, likita ya faɗa masa, matarsa ta faɗa masa, ya je ya sayi lema. Ni ne."

Shugaban ya ajiye biro a hankali. "Malam, ka san abin da na ce."

"Na sani. Ba kurma ba ne ni, gurgu ne. Ka ba ta makinta. Ka cire na maɓalli, ban yafe shi ba."

Cokali ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Ke kuma kukan me?" in ji shi. "Kin yi aiki, an gwada, bai karye ba. Mutum nawa ne a ɗakin nan za su faɗi haka? Shugabanku ma ba zai faɗa ba."

Ya so ya ƙara da cewa yanzu da wannan lemar ai zai iya hawa, amma ya san ciwo take ragewa, ba gwiwa take mayarwa ba, kuma ya gaji da jayayya da gaskiya. Ƙa'ida ce samfurin ɗalibi a ma'ajiyar sashe ake kulle shi. Shugaban ya ce wannan yana buƙatar dogon gwaji a waje, kuma bai ga wanda ya fi Malam iya lalata abu ba, don haka Malam ya riƙe ta.

Ranar ya sauka tare da kowa, a tsakiyar ɗalibai, fuska a gaba, ba hannu a bango. Ita ce sauka mafi sauƙi da ya yi a 'yan shekarun nan, kuma ya san ita ce ta ƙarshe a matsayinsa na mai ɗakin. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. A ƙasan matakalar ya tsaya ya share ido da bayan hannu a gaban kowa.

Zangon da ya biyo baya aka ba wani tsohon ɗalibinsa ɗakin sama. Malam yana ƙasa yana nuna hotunan kujerun mutane, yana faɗin ta inda kowace za ta karye da an ba shi ita, ɗalibai kuma sun rage hamma. Sai dai rufin ba shi da kauri. Yana cikin bayani ƙarar injin yanka takan sauko, ya tsaya a tsakiyar magana, kai a karkace, ya ji wani yana tura katako da ƙarfin da ya fi abin da zarto zai iya ci. Sai ya taka zuwa kusurwa inda bututun ruwa ya haura sama, ya ɗaga lemar ya ƙwanƙwasa shi da mariƙinta. A sama ƙarar takan lafa, ta dawo a hankali yadda ya kamata. Yakan jima tsaye a wurin yana saurare, hannunsa a jikin bututun, kafin ya tuna akwai aji a bayansa suna jiran ya ƙarasa maganar da ya fara.